Ƙawancen 'yan adawar Indiya: wa ya goya wa?

Nasiru Gwammaja:
Salamu alaikum 'yan zaure. Duk lokacin da aka taso da maganar haɗakar 'yan adawa sai wani ya ce "ku dubi Indiya", a wuce, kamar kowa ya san abin da ya faru a can. Bari in shimfiɗa shi, sai mu yi gardamar da hujja.

Ranar 23 ga Yunin 2023 shugabannin adawa suka zauna a Patna bisa gayyatar Nitish Kumar, babban ministan jihar Bihar a lokacin, wato kwatankwacin gwamna a wajenmu. A watan Yuli suka sake haɗuwa a Bengaluru, jam'iyyu 26, a nan suka raɗa wa ƙawancen suna INDIA. Zuwa zaman Mumbai sun kai 28. Aka yi zaɓe hawa bakwai, daga 19 ga Afrilu zuwa 1 ga Yunin 2024. Majalisar wakilansu kujeru 543 ce, mai son kafa gwamnati sai ya tara 272. Jam'iyyar BJP ta firaminista Modi, wadda ta ci 303 a 2019 kuma take kurin ita da ƙawayenta za su haura 400, ta dawo 240. Sai da ta jingina da ƙawayen nata ta kai 293. 'Yan adawa suka tashi da 234: Congress 99, Samajwadi 37, Trinamool 29, DMK 22, sauran na ƙananan jam'iyyu.

Abin da nake cewa shi ne, duk da Congress ce babba a takarda, ba ita ta ɗauki ƙawancen nan ba, ita aka goya. Inda ta yarda ta zama ƙanwa ta ci riba. Inda ta tsaya ita da BJP gaba da gaba ta sha kashi. A Madhya Pradesh kujeru 29 ne, ko ɗaya ba ta samu ba. A Gujarat 26, ta samu ɗaya. To wa ya goya wa?

Bash Kantin Kwari:
Wa alaikumus salam. Yaya Nasiru, duk wannan lissafin, waye firaminista yau? 😂 Ai na biyu ba ya rantsuwa.

Nasiru Gwammaja:
Modi ne, Bash, amma Modin da sai ya waiwayi mutum biyu kafin ya yi motsi: Chandrababu Naidu mai kujeru 16 da Nitish mai 12. Shekara goma bai san wannan ba.

Hajiya Rabi Tudun Wada:
Dakata Nasiru. Nitish ɗin da ka ce shi ya kira taron farko a gidansa, shi ne kuma yake riƙe da Modi? Ko mutum biyu ne masu suna ɗaya?

Nasiru Gwammaja:
Shi ne dai, Hajiya. Ranar 28 ga Janairun 2024 ya ajiye muƙami da safe, ya sake rantsuwa da yamma da goyon bayan BJP. Wata bakwai ke nan bayan ya tara mutane a Patna. Jim kaɗan kuma Jayant Chaudhary na jam'iyyar RLD ya bi sahu, a daidai lokacin da gwamnati ta ba wa kakansa, tsohon firaminista Charan Singh, lambar yabo mafi girma ta ƙasar.

Hajiya Rabi Tudun Wada:
Ikon Allah. Wato mai gayyata ya tafi ya bar baƙi a zaure.

Malam Ilyasu Funtuwa:
Nasiru, ka faɗi gaskiya amma rabinta. Ka ɗauko Madhya Pradesh da Gujarat ka bar Rajasthan, inda Congress ta tashi daga sifili zuwa 8, da Haryana daga sifili zuwa 5, da Karnataka daga ɗaya zuwa 9. A waɗannan wuraren ita ce a gaba, ba wanda ya goya ta. Jam'iyyar da ta tashi daga 52 zuwa 99 ba za a ce komai nata aro ne ba.

Ni a ganina tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: su wane ne waɗannan ƙawayen, kuma ƙuri'un wa suka ci suka girma? Ku bi su ɗaya bayan ɗaya. Mamata Banerjee 'yar Congress ce, ta fice ta kafa Trinamool a 1998. Sharad Pawar ɗan Congress ne, ya rabu da ita a 1999 a kan batun cewa shugabarta ta lokacin, Sonia Gandhi, haifaffiyar Italiya ce. Jam'iyyar AAP ta Arvind Kejriwal an haife ta ne a 2012 daga zanga-zangar adawa da cin hanci a gwamnatin Congress, kuma ita ta kawo ƙarshen mulkin shekara 15 na Sheila Dikshit ta Congress a Delhi. DMK ta kori Congress daga mulkin Tamil Nadu tun 1967, ta shafe gomman shekaru ba ta koma ba. A Uttar Pradesh rabon Congress da gidan gwamnati tun 1989, kuma Samajwadi tana cikin waɗanda suka gaji mutanenta.

Kun ga ke nan kusan kowace daga cikinsu a gonar Congress ta yi shuka. In Congress ta farfaɗo a jiha, ba BJP kaɗai za ta rage wa ƙuri'a ba, ƙawarta ce za ta fara jin jiki. Shi ya sa ƙawancen ya yi sauƙi a inda Congress ta daɗe da haƙura, kamar Tamil Nadu da Uttar Pradesh, ya kuma yi wuya a inda take ganin gidan nata ne aka ƙwace jiya-jiya, kamar Delhi da Punjab. Ba tawali'u ba ne ya sa ta zama ƙanwa a wancan wurin, rashin ƙarfi ne.

Nasiru Gwammaja:
Allah ya gafarta Malam, ko rashin ƙarfi ne ko tawali'u, sakamakon ɗaya ne. Ƙasa da kujeru 330 ta tsaya takara a 2024, mafi ƙaranci a tarihinta, kuma ta kusa ninka abin da ta samu. A Tamil Nadu Stalin, shugaban DMK, ya yi rabo, ya ba ta 9, ta ci 9 ɗin duka, ƙawancen ya share kujeru 39 kaf. Ba ta yi gardama ba, ta ci.

Sadiya (Lucknow):
Assalamu alaikum. Baba Malam, Yaya Nasiru, ku ba ni dama in sa baki, tunda a Uttar Pradesh nake karatu kuma ina nan aka yi zaɓen.

Akwai abin da lissafin kujeru ba ya nunawa. A nan da na'ura ake zaɓe. Mutum zai shiga, a shafa masa tawada a ɗan yatsan hagu, ya tarar da jerin sunaye, kowane da alamar jam'iyya da maɓalli a gefensa, ya danna ɗaya, na'urar ta yi ƙara. Mutane da yawa ba suna suke karantawa ba, alama suke nema. Samajwadi keke ce, Congress tafin hannu, BJP furen bado, jam'iyyar Mayawati giwa. To ku ɗauki tsohuwar da ta shekara talatin tana danna keke. Rana ɗaya an yi yarjejeniya a otal a wani birni, an bar wa Congress mazaɓarta. Ta shiga rumfa, babu keke a na'urar. Sai an sami wanda ya bi ta har gida tun kafin ranar, ya ce mata "bana hannu shi ne keke". In ba a yi wannan ba, ko ta zauna a gida, ko ta danna giwa.

Wannan aikin na gani da idona a unguwarmu. Samarin Samajwadi da jajayen hulunansu (ranar farko na ɗauka Kano na dawo) suna tafe da tutar Congress a hannu, suna bi ƙofa-ƙofa. Mai sayar mana da shayi ya ce min shi bai taɓa zaɓar Congress ba a rayuwarsa, amma in Akhilesh, shugaban Samajwadi, ya ce a yi, zai yi. Kujeru 80 ne a jihar, Akhilesh Yadav ya bar wa Congress 17, ta ci 6, shi ya ci 37, BJP ta tsaya a 33. A 2019 BJP 62 ta ci a nan.

Sannan Akhilesh ya sauya salon rabon tikiti. An san jam'iyyarsa da 'yan ƙabilar Yadav da Musulmi, amma a wannan karon ya bai wa 'yan sauran ƙananan rukunoni da 'yan Dalit (rukunin da aka daɗe ana ƙasƙantarwa) tikiti da yawa. Mazaɓar Faizabad, wadda Ayodhya ke cikinta, inda Modi ya buɗe wurin bautar Ram a watan Janairun shekarar, ɗan Dalit ne na Samajwadi, Awadhesh Prasad, ya cinye ta. Ranar da aka faɗi wannan sakamakon ko a ɗakin kwananmu ba a yi maganar komai ba sai ita.

Bash Kantin Kwari:
Jar hula har Indiya? To Allah ya kyauta 😂 Ita kuma AAP na ji an ce tsintsiya ce alamarta. Anya ba daga nan suka kwafa ba?

Sadiya (Lucknow):
Tsintsiya ce kam, Yaya Bash, amma kowa da tasa.

Abdurrahman Damagaram:
Na ji daɗin bayanin ƙanwarmu Sadiya, amma ina da ja a kan maganar gaba ɗaya. Ku duka kuna magana kamar haɗa kai shi ne maganin, saura kawai a iya shi. To ku bayyana min Bengal ta Yamma da Delhi.

A Bengal Mamata ta ƙi rabo. Ta tsayar da 'yan takara a kujeru 42 duka, ta ci 29, BJP ta koma 12, Congress ɗaya. Har jagoran Congress a majalisa, Adhir Ranjan Chowdhury, ɗan takararta ne ya kayar da shi a Baharampur, tsohon ɗan wasan kurket Yusuf Pathan. Ba haɗin kai, amma an rage wa BJP.

A Delhi kuwa an yi abin da kuke so. AAP ta ɗauki 4, Congress 3, an hau dandamali tare, Kejriwal ya fito daga gidan yari da beli ya yi yaƙin neman zaɓe. BJP ta cinye bakwai ɗin duka. Su biyun nan dai a Punjab suka fafata da juna, Congress ta ci 7, AAP 3, BJP ba ta samu ko ɗaya ba. To ina amfanin rabon?

Malam Ilyasu Funtuwa:
Abdurrahman, ai hujjata ka ƙarfafa. A Delhi shugabanni sun sa hannu, mabiya ba su sa ba. Ɗan Congress da ya shekara goma yana kallon AAP a matsayin wadda ta raba shi da abincinsa ba zai fita cikin zafin watan Mayu ya yi mata aiki ba don an yi hoto. Aikin da Sadiya ta gani a Lucknow shi ne ba a yi ba a Delhi. A Punjab kuma da ma BJP ba ta da ƙarfi, ga fushin manoma a kanta, don haka rabuwar ba ta yi illa ba. Wasu ma na ganin da sun haɗu, da duk mai fushi da gwamnatin jihar bai da wurin zuwa sai wajen abokan hamayya. Haka Kerala: Congress da 'yan gurguzu suna zama teburi ɗaya a Delhi, amma a Wayanad Annie Raja ta jam'iyyar gurguzu ta CPI ce ta tsaya takara da jigon Congress Rahul Gandhi kansa.

Abdurrahman Damagaram:
To in haka ne Malam, ba ƙawance ɗaya ba ne, yarjeniyoyi ne na jiha-jiha aka lulluɓe da suna ɗaya. Ba su da takardar manufa ta bai ɗaya, ba su tsayar da wanda zai zama firaminista ba. Mamata ta ambaci sunan shugaban Congress Mallikarjun Kharge a zaman Disamban 2023, maganar ta mutu a wurin.

Malam Ilyasu Funtuwa:
Haka ne, kuma ban ɗauke shi aibi ba. Da sun tsayar da mutum ɗaya da tun a ranar rabinsu sun watse.

Hajiya Rabi Tudun Wada:
Ni abin da ya tsaya min a rai daban ne. Na ji cikinsu akwai Shiv Sena. Ba ita ce aka sani da tsananin ra'ayin Hindu da ƙin Musulmi a Mumbai ba? Yaya aka yi ta zauna inuwa ɗaya da jam'iyyar Musulmi ta Kerala da su Farooq Abdullah na Kashmir? Kuma su Musulmin ƙasar me suka samu a ciki?

Nasiru Gwammaja:
Ɓangare ɗaya ne nata, Hajiya. Uddhav Thackeray, ɗan wanda ya kafa jam'iyyar, ya rabu da BJP a 2019 a kan kujerar babban minista, ya kafa gwamnati da Congress da Sharad Pawar. A 2022 Eknath Shinde ya ɓalle da mafi yawan 'yan majalisarsa, daga baya hukumar zaɓe ta ba Shinde sunan jam'iyya da alamar kwari da baka, Uddhav ya koma alamar wuta mai ci a kan sanda. A 2023 aka yi wa Sharad Pawar irin haka: Ajit Pawar, ɗan ɗan'uwansa, ya ɓalle, daga baya ya tafi da sunan jam'iyyar da alamar agogo, aka bar dattijon da alamar mutum mai busa kakaki. Da sababbin alamomin nan suka shiga zaɓe, su uku suka ci 30 cikin 48 na Maharashtra. Abin da ya haɗa su ba aƙida ba ce, wanda ya fasa musu gida ne ɗaya.

Sadiya (Lucknow):
Hajiya, a kan tambayarki ta biyu, abokan karatuna Musulmi suna yawan yin wannan ƙorafin. Sun fito sun zaɓi ƙawancen sosai, domin ba su da wani zaɓin da zai iya kayar da BJP, amma tikitin da aka ba su kaɗan ne, kuma manyan ƙawancen suna kaffa-kaffa da ambaton su a kan dandamali, kada a ce jam'iyyun Musulmi ne. Musulmi sun kai kashi 14 cikin ɗari na ƙasar, amma 24 ne kawai suka shiga majalisa mai mutum 543. Jam'iyyar Asaduddin Owaisi ta Hyderabad ma ba ta cikin ƙawancen.

Hajiya Rabi Tudun Wada:
Wato a ba da ƙuri'a a yi shiru. Allah ya sa mu dace.

Bash Kantin Kwari:
Ni fa har yanzu ban ga abin da suka fi mu ba. Mu a 2013 ACN da CPC da ANPP da wani ɓangare na APGA suka narke suka zama APC, 2015 aka kayar da shugaba mai ci. Su kuwa jam'iyya ashirin da wani abu, sun kasa.

Malam Ilyasu Funtuwa:
Bashir ɗana, tsarin ba ɗaya ba ne. Mu kujera ɗaya ake nema, ba ta rabuwa, dole wani ya janye wa wani, shi ya sa tattaunawar CPC da ACN ta rushe a 2011 sai da aka narke. Su kujeru 543 suke rabawa, kowa zai iya riƙe jam'iyyarsa da jiharsa. Kuma sun taɓa gwada narkewar. A 1977, bayan dokar ta-ɓacin Indira Gandhi, jam'iyyun adawa suka dunƙule suka zama Janata, suka kayar da ita, Morarji Desai ya zama firaminista. Kafin ƙarshen 1979 sun tarwatse da rigimar shugabanci, 1980 Indira ta dawo. A 1989 V. P. Singh ya kafa gwamnati da goyon bayan BJP ta dama da 'yan gurguzu ta hagu, ko shekara ba ta cika ba. Dattawan da suka zauna a Patna sun ga wannan da idonsu, wasunsu ma a cikinsa suka fara siyasa. Ba wanda zai sake miƙa alamar jam'iyyarsa.

Admin:
Jama'a, mu tsaya a kan Indiya. In aka shiga siyasar gida yanzu zaren zai kauce, mun san halinmu.

Abdurrahman Damagaram:
To mu duba abin da ya biyo baya, domin a nan ake gane ƙarko. Oktoban 2024 a Haryana Congress ta ga ta yi ƙarfi, ta kasa daidaitawa da AAP, BJP ta ci 48, ita 37. Nuwamba a Maharashtra, su ukun da suka ci 30 cikin 48 watanni biyar kafin nan, aka yi musu kaca-kaca, BJP kaɗai ta ci 132 cikin 288. Fabrairun 2025 a Delhi kowa ya kama gabansa: BJP 48, AAP 22, Congress babu. Kejriwal kansa ya faɗi a mazaɓarsa da ratar ƙuri'a dubu huɗu da 'yan kai, alhali ɗan takarar Congress a wurin ya sami sama da dubu huɗu da ɗari biyar. Kun san waye ɗan takarar? Sandeep Dikshit, ɗan Sheila Dikshit da Kejriwal ya kayar a wannan mazaɓar a 2013.

Nasiru Gwammaja:
Ka ga maganata ke nan. Da zarar Congress ta ga 99 sai ta manta yadda aka yi ta same su. Amma ka tsallake Jharkhand, inda ta bi bayan Hemant Soren, jagoran jam'iyyar JMM ta jihar, mutumin da aka kama a watan Janairun 2024 ya fito ya ci zaɓe a Nuwamba, ƙawancen ya sami 56 cikin 81. Ka tsallake Jammu da Kashmir, inda ta bi bayan Omar Abdullah. Duk inda ta bi, an ci.

Abdurrahman Damagaram:
A Bihar ma ai bin bayan jam'iyyar RJD ta jihar ta yi a 2025, kuma Nitish da BJP suka kwashe 202 cikin 243. Bi ba ya wadatarwa, Nasiru, sai wanda ake bi yana da inda zai kai ka.

Malam Ilyasu Funtuwa:
Kuma ku sa kanku a matsayin ɗan Congress na Delhi. In jam'iyyarsa ta ci gaba da janyewa a kowace jiha don a kayar da BJP, nan da shekara goma ba ta da ko wakilin rumfa a rabin ƙasar. Abin da ya same ta a Tamil Nadu ke nan, ta zama mai jiran rabo. Ni ban ce sun yi daidai ba a Delhi, amma na fahimci lissafin: sun gwammace AAP ta faɗi su gaji wurinta, ko da BJP ce za ta yi mulki kafin nan. Rahul Gandhi ya sami muƙamin jagoran adawa a majalisa, wanda shekara goma babu mai riƙe da shi, kuma mutanensa suna son su gina a kan wannan, ba su dawwama a goye ba.

Hajiya Rabi Tudun Wada:
Sadiya 'yata, ku a can me ake cewa? Su Akhilesh da Rahul za su ci gaba tare?

Sadiya (Lucknow):
Maganar da ake yi ke nan, Hajiya, saboda zaɓen majalisar jiha na 2027, kujeru 403. 'Yan Congress suna cewa 6 cikin 17 ya nuna sun dawo, a ba su kaso mai tsoka. 'Yan Samajwadi kuma suna tuna musu 2017, lokacin da Akhilesh ya bar musu sama da kujeru 100 suka ci 7 kacal, shi ma ya rasa mulki. Mai shayinmu ya ce in aka ba Congress fiye da hamsin, a wannan karon sai Akhilesh ya zo da kansa ya roƙe shi.

Nasiru Gwammaja:
Hamsin ma ya yi musu yawa.

Malam Ilyasu Funtuwa:
Ba za su karɓi hamsin ba, Nasiru. Ka rubuta ka ajiye.